Fulawar Malam Dabo

Malam Dabo ya rasu da safiyar wata Talata a ƙarshen watan Janairu, a zaune kan kujerar roba, cikin ɗakin da yake renon irin fulawa a bayan gidansa da ke Jigwada a Keffi. Matarsa ce ta same shi lokacin da ta kai masa koko. Shekarunsa sun haura sittin. An binne shi kafin azahar, kuma babu wanda ya tambayi abin da ya kashe shi.

Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ina shirin fita na ji muryar matar tasa ta saman katangar. Amarya ake ce mata, sunan da ya bi ta tun ranar da aka kawo ta har ta yi jikoki.

"Baban Rumaisa! Zo ka ga Malam, ya ƙi amsa ni!"

Na zagaya na shiga. Ƙofar ɗakin a buɗe take, ɗumi na fitowa daga ciki kamar daga bakin tukunya. Katakai ne jere a jikin bango hawa-hawa, a kansu kiret-kiret na ƙwai da ledojin fiya wata da aka yanke wa baki, kowanne cike da baƙar ƙasa. Wasu sun fito da kai, ganye bibbiyu ƙanana. Malam Dabo na tsakiya, kansa ya karkata, butar ban ruwa a gefen ƙafarsa, takunkumin asibiti shuɗi a fuskarsa. Na janye takunkumin. Leɓensa jajur, fuskarsa fes kamar wanda ya yi wanka ya kwanta. Na taɓa wuyansa, ban ji komai ba.

Wanda ya yi masa wanka ya fito yana faɗa wa mutane cewa bai taɓa ganin gawa mai kyan launi irin wannan ba. Aka yi ta kabbara, aka ce alamar kyakkyawan ƙarshe ce.

Malam Dabo ma'aikacin ƙaramar hukuma ne da ya yi ritaya. Fulawar ya same ta ne a hanyar Abuja, wajen masu jera tukwanen fure a bakin titi daga Masaka zuwa Mararaba. Ya lura yawancinsu ba sa shukawa da kansu, sari suke yi. Ya dawo gida ya kwashe tarkacen da ke ɗakin baya.

Farkon sanyin bana ya kira ni in gani.

"Shigo ka rufe, maƙwabci, kar ka sace min ɗumi."

Ya toshe tagar da farar leda, ninki biyu, ya bi gefenta da ƙusa. Rabin rufin ya sa kwano mai haske. Ƙarƙashin ƙofa ya cusa tsumma. A kusurwa akwai kaskon gawayi da ya ruru ya yi ja, da tukunyar ruwa a kai tana tururi. Babu hayaƙi ko kaɗan.

"Me ya hana ka shuka a tsakar gida kamar kowa?" na tambaye shi.

"A tsakar gida ƙadangare ya ci, kaza ta tone, abin da ya rage sanyin asuba ya hana shi tashi. In kuma ka jira damina, kowa ya riga ka. Mutumin Abuja so yake ranar da ruwan farko ya sauka ya ga fure a ƙofar gidansa. To ni nan na kawo musu damina tun ba ta zo ba."

Bai san sunayen furannin na Turanci ba, bai kuma damu ba. Shi ya raɗa musu nasa. Masu ruwan ɗorawa ya ce 'yan gwamna, don ba sa jure wahala. Jajayen ya ce masu tsiwa. Ya nuna min rariyar da yake tankaɗe ƙasa da ita, da bahon da yake kwaɓa ta da taki da ɓuntun shinkafa.

"Kai da ka yi boko, gaya min, wa ya taɓa yin arziki da abin da ba a ci?" ya ce, yana dariya. "Ni ne zan fara."

Na yi 'yan mintoci na fito. Na tuna na ji kaina ya yi nauyi, na ɗauka zafin ɗakin ne.

Ciwon kai ya fara masa bayan haka. Da farko na safe ne kawai. Sai ya zama yana tangaɗi a sahun sallah, liman ya ce a riƙa ajiye masa kujera. Ya sha maganin maleriya. Ya sha na taifot. Wata rana da la'asar na same shi a dakalin ƙofar gidansa ya riƙe kai da hannu biyu.

"Malam, jikin ne?"

"Kamar ana daka sakwara a ciki. Jiya na tsaya a tsakar gida na manta abin da na fito yi. Amarya ta ce tsufa ne. Na ce in tsufa ne ai tare muka tsufa, me ya sa ya zaɓe ni?"

"Ka je asibiti."

"Gobe za ta raka ni. Ta ce in ban je ba za ta saki kaji a ɗakin."

Suka je wani asibitin kuɗi a cikin gari. Ya dawo da ƙwayoyi da fakitin takunkumi.

"Likita ya gano shi," ya ce min. "Ƙurar aikina ce. Ya ce in rufe hanci, kuma in guji sanyi."

Daga nan hankalin kowa ya kwanta, har da nawa. Likita ya gani, ya faɗa. Malam Dabo ya bi umarni yadda ma'aikacin gwamnati ke bin takarda. Ya sa takunkumi. Don gudun sanyi kuma, da an idar da sallar asuba sai ya wuce ɗakin fulawa kai tsaye, ya ƙara gawayi, ya rufe ƙofa, ya zauna har rana ta ɗaga.

Akwai abu ɗaya da mutane suka riƙe. Ana saura kamar mako guda ya rasu, ya je Lafiya ɗaurin aure ya kwana biyu. Ya dawo garau, yana tsokanar kowa, har ya ci tuwo malmala biyu a gidana. Washegari ciwon ya dawo. A lokacin ba wanda ya ce komai. Bayan rasuwar aka fara maganar a ƙasa-ƙasa: abin ba a jikinsa yake ba, a gidan yake.

A zaman makoki na ji iri-iri. Wani ya ce irin da ya sayo ba a san hannun da ya fito ba. Wani ya ce fure abin kabari ne, ba a kwana da shi a gida. Wata tsohuwa ta ce ɗakin ya daɗe a rufe kafin Malam ya buɗe shi, kuma ɗakin da ya daɗe a rufe ba ya rasa masu shi. Da aka tsinci ɓeraye biyu a mace a bayan katakan, babu rauni a jikinsu, yara suka daina bi ta lungun da tagar ɗakin ke kallo.

Ubale, ƙanen mamacin, ya zo daga Agwada ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa. Mutum ne mai faɗa da sauri da sauka da sauri. Ya ce a kwashe komai a zubar a bola. Amarya ta ƙi. Ta riga ta shiga takaba, ba ta fitowa gaban maza, sai ta bayan labule ake jin ta, murya ƙasa-ƙasa. Ina zaure ranar.

"Ya ce min kada a bar wutar ta mutu, kada a buɗe taga, sai sun yi ganye huɗu," ta ce. "Maganar da ya yi min ta ƙarshe ke nan a kansu. Ba zan saɓa ba."

"Yaya, wannan ba wasiyya ba ce, maganar lambu ce," in ji Ubale.

"A wajenka."

Ubale ya tashi ya fita. Da yamma ya dawo da ƙullin turare daga wajen wani malami. Sharaɗin shi ne a riƙa zuba shi a garwashi safe da yamma, ɗakin a rufe ruf, har ya sha hayaƙi. Aka aro kasko na biyu.

Haka Amarya ta mai da ɗakin fulawa wurin takabarta. Ta shimfiɗa darduma tsakanin katakan. Tana ba shukar ruwa da buta, tana jan carbi, tana ƙara gawayi. Matata Huraira ce ke shiga taya ta zama, don sauran matan unguwa a tsakar gida suke tsayawa su yi gaisuwa su juya.

Kwana na farko Huraira ta dawo tana murza goshi. Na biyu ta kasa cin abinci. Na uku ta tsaya a ƙofar ɗakinmu tana kallon bangon da ya haɗa mu da gidan Malam Dabo.

"Baban Rumaisa, a janye gadon nan daga jikin bangon."

"Saboda me?"

"Ka dai janye."

Ni ba mai yarda da irin waɗannan maganganu ba ne. Na janye gadon.

Na ce ta daina zuwa. Ta ce in ita ma ta daina, wa zai shiga? A bar matar da ta karɓi haihuwar Rumaisa da hannunta ita kaɗai? Na ƙyale ta. Na dai lura da yadda take tafiya in ta fito daga can, tana bin bango, irin tafiyar da na gani a sahun sallah.

Ranar Asabar bayan azahar ta shigo ta wuce bayan gida ta yi amai. Ta dawo ta kwanta a tabarma a inuwar mangwaro, na jiƙa tsumma na ɗora mata a goshi. Can da ta ɗan samu sauƙi sai ta fara magana, idonta a rufe.

"Yau har dariya Amarya ta yi. Tana ba ni labarin zuwansu asibiti."

"Me ya faru a asibitin?"

"Ta ce likitan yaro ne, mai fara'a. Ya ce, Baba me kake sana'a? Malam ya ce fulawa. Ya ce a gida? Ya ce a gida, ɗaki guda na ware. Ya ce kana tankaɗe? Malam ya ce kullum. Ya ce kai ke kwaɓawa da hannunka? Ya ce ni ne, wa zai yi min? Ya ce da me kake wuta? Ya ce gawayi, ai sai da ɗumi take tashi. Likitan ya ce ƙwarai kuwa, sai da ɗumi. Malam ya fito yana ta yabonsa, wai yaron nan ya san aikin kamar a gidansu ake yi."

"To ina abin dariyar?"

"Da za su fita ne ya ce, Baba, in an gasa na gaba a aiko min da guda biyu masu zafi in sha shayi. Malam kunnensa ya yi nauyi, bai ji ba. Ita kuma ta ɗauka wasa ne irin na 'yan boko. Wai a gasa fure a sha shayi."

Na tsaya da tsumman a hannuna.

Burodi. Mai gidan burodi likitan ya gani a gabansa, tsoho mai tankaɗe garin fulawa, da tanda a waje tana shan iska. Bai taɓa jin labarin ɗaki mai leda a taga da tsumma a ƙarƙashin ƙofa ba. Abin da ya kwantar mana da hankali tun farko, cewa likita ya san ɗakin ya kuma ce ƙura ce, bai taɓa faruwa ba. In an cire ƙurar, abu ɗaya ya rage a ɗakin. Kowa a garin nan ya ji labarin iyalin da suka kwana da janareta a cikin gida aka wayi gari babu mai motsi. Amma mu hayaƙi muke tsoro, garwashi kuwa ba ya hayaƙi.

"Huraira, kanki yaushe yake fara ciwo?"

"In na shiga na ɗan zauna."

"Yaushe yake sauka?"

"In na fito na sha iska." Ta buɗe ido. "Mene ne?"

"Kasko nawa ke ci yanzu?"

"Duka biyun. Ubale ya ce yau a ninka turaren."

"Ita tana ina?"

"Na bar ta tana gyangyaɗi. Na ja mata ƙofa don kar a dame ta."

Ban tsaya neman takalmi ba.

A zaure akwai Ubale da dattawa uku a kan tabarma. Na nufi ƙofar cikin gida, ya miƙe ya tare ni da hannu.

"Malam, lafiya? Ina za ka?"

"A fito da Amarya daga ɗakin nan yanzu. Gawayin ne."

"Wane gawayi? Matar tana takaba, ka sani. Ko ni ta bayan labule nake mata magana."

"Ubale, gawayin ne ya kashe yayanka."

"Allah ne ya kashe yayana," ya ce, muryarsa ta ɗaga. "Kai wa ya aike ka? Mutum da kwanansa ya ƙare za ka zo ka ɗora wa kasko? Duk garin nan wa bai kwana da kasko ba?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce in zauna a yi magana a hankali. Na juya na fita.

Na bi ta lungun da yara suka daina bi. Tagar tana da ƙarafa, ledar na bayansu, ta yi gumi daga ciki. Na zura makullin gidana na huda ta, na sa yatsu na ja. Ninki na farko ya yage, na biyu ya ƙi, na ja da hannu biyu har ƙusoshin suka fita. Zafi da ƙamshin turare suka bugi fuskata.

Tana kan dardumar, ta kife a gefe ɗaya, hijabinta ya rufe rabin fuskar. Carbin na hannunta. Butar ta faɗi, ruwan ya bi ƙasa ya jiƙa gefen zanenta, ba ta janye ƙafa ba.

"Amarya! Maman Nasiha!"

Na kira ta da sunan 'yarta ta fari, na buga ƙarfen tagar da makulli. Ba ta motsa ba.

Ban san da wace irin murya na yi ihu ba. Na dai ji gudu a cikin gidan, na ji matan tsakar gida suna salati, babu wadda ta matso. Sai ƙofar ta buɗe da ƙarfi ta daki katako, kiret biyu suka zube. Ubale ne. Ya tsaya daƙiƙa guda yana kallonta, sannan ya sunkuya ya ɗauke ta kamar yarinya.

"Ku kauce! Ku ba ta iska! Wani ya tsayar da keke!"

A cikin keken shi ya riƙe kanta. Yana ta cewa, "Yaya, ni ne, Ubale ne," har muka isa.

A asibiti suka sa mata robar iska a hanci. Likitar da ta karɓe ta ta tambayi inda aka same ta, na faɗa mata dalla-dalla, na ce fure, ban ce fulawa ba. Ta ce garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba a gani, ba a jin warinta, kuma takunkumi ba ya tare ta. Ta ce a kawo Huraira ita ma a duba ta. Ubale ya tambaye ta ko abin da ya kashe yayansa ke nan. Ta ce da alama, amma wanda aka riga aka binne ba mai iya tabbatarwa. Ya fita ya zauna a kan benci ya rufe fuska da hularsa.

Huraira ta warke. A daren aka kashe kaskon biyu da ruwa, aka fitar da su waje.

Amarya ta farfaɗo washegari da hantsi. Ta gane Huraira. Ta gane Nasiha, wadda ta zo daga Abuja. Ta sha ruwa da hannunta. Sannan ta dubi ƙofa ta ce, "Malam bai zo ba? Ko yana wajen fulawarsa?"

Nasiha ce ta gaya mata. Ta yi kuka irin na ranar farko, har aka yi mata allura ta yi barci. Da ta farka da yamma ta sake tambaya.

Likitar ta ce irin wannan mantuwa takan biyo baya. Wasu tana sakinsu cikin makonni, wasu ba ta saki. Ba ta ce wanne ne nata ba. Ubale ya ce kada a sake gaya mata sai ta dawo gida. Nasiha ta ce ba za ta iya yi wa uwarta ƙarya kullum ba. Har yanzu ba su daidaita ba.

Jiya da la'asar na kai wa Huraira abinci a asibitin, inda take jinyar Amarya. Ban shiga ba, na tsaya a bakin ƙofar ɗakin mata. Amarya na zaune a gefen gado, an cire mata robar. Huraira na ɓare mata lemo. Ta karɓi ɓarin, ta raba shi biyu, ta ci rabi. Ɗaya rabin ta ɗora a kan murfin kwano, ta tura shi can gefen teburi inda hannu ba zai ture ba, ta gyara zama tana fuskantar ƙofa.